Shirun Baba Ɗan Jimma

Ni na yi kuskure, kuma ban taɓa mantawa da ranar da na gane haka ba.

Lokacin ina shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo ta samarin Madarumfa, aikina raba matsayi da tsara fitowa. Muna da wani wasa a kan mai awon hatsi da ke tauye tiya, wato kwanon awo. Baba Ɗan Jimma, dattijon cikinmu, shi ke fitowa mai awo. A dandali yakan ɗaga kwanon ya ce, "Jama'a, ta cika?" Sai ya yi shiru. Mata su yi ca a kansa, ya tsinci maganar ɗaya ya mayar mata, fili ya ɗauki dariya.

Da muka samu mai kamara daga Maraɗi don a ɗauki wasan a kaset, aka fara ɗauka, Baba ya ɗaga kwano ya yi tambayarsa, ya yi shirunsa. Ba kowa gabansa sai mu. Mai kamara ya ce lokaci na tafiya.

Na ce, "Baba, ka mance maganarka?"

Ya ce, "Ɗana, jira nike su amsa."

"Su wa? Bangon?"

Aka yi dariya. Na ba wani saurayi matsayin, na kuma riƙa faɗi a gari cewa tsufa ya ci kan Baba. Tun daga nan ya daina zuwa.

Muka tafi da kaset ɗin garin Safo, inda muka saba yin wasan, muka ɗora tele, wato talabijin, bisa tebur a bakin kasuwa. A cikin tele saurayin ya ɗaga kwano ya ce, "Ta cika?" Mata suka amsa kamar yadda suka saba, shi kuwa ya zarce da magana. Hayaniyarsu ta rufe muryarsa, ba wanda ya ji komai. Suka sake gwadawa, haka dai. Daga nan suka yi tsit suna kallo, ba dariya. Wata tsohuwa ta naɗe tabarmarta ta ce, "Wannan mai awo bai da kunne. Ina na da?"

A dandali ɗan kallo abokin wasa ne. A gaban tele baƙo ne, sai in an bar masa gurbi. Gurbin nan Baba ke bari.

Washegari na iske shi bakin tafki yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Na durƙusa na ce, "Baba, kanka lafiya lau yake, nawa ne bai kai ba. Abin da na faɗi a gari zan koma in warware shi. Ka yafe mini."

Na yi shiru, ina jiran ya amsa.