Fedar Hagu

Shan inna ya taɓa ƙafata ta hagu tun ina goye, don haka ko keke ban taɓa tuƙawa ba. Jirgin sama kuwa na tuƙa, a kwamfutar shagona na gyaran waya a Gumel, cikin wasan nan da ake koyon tashi da sauka.

Wani abokina da muka yi firamare tare, mai sayar da kayan gwanjo a Maigatari, shi ya kawo mini fedojin wasan. Guda biyu ne a jere. Ka taka ta dama hancin jirgi ya karkata dama, ka taka ta hagu ya yi hagu. Ni kuwa ƙafata ba ta iya danne ta hagun. Da jirgi ya ɗauki gudu a titinsa sai ya zame dama ya faɗa ciyawa.

"Mutumina, ƙafarka lafiyarta lau, ƙarfen nan ne zai bi ta," in ji shi.

Duk ranar da ya shigo gari sai ya tsuguna a ƙarƙashin teburina. Ya sassauta sifirin da ke mayar da fedar hagu sama, ya ɗaura mata guntun katako da robar taya. Ni kuma ina cikin saitin wasan ina ƙara mata ji, yadda ɗan taɓi kaɗan zai wadatar. In na ƙara da yawa jirgin ya yi ta tangaɗi, in na rage ya ƙi juyawa. Har wandona nake naɗewa zuwa gwiwa a gabansa, abin da ba na yi ko a gaban 'yan ɗakinmu. Yakan jingine wayarsa a ƙasa, wai yana ɗaukar bidiyon motsin fedar don mu gano inda take cijewa.

Ranar da na sauke jirgi ya tsaya cak a tsakiyar titi, rungume ni ya yi.

Bayan ƙaramar sallah na shiga motar Gagarawa, za ni sunan ɗan ƙanwata. Wasu samari biyu a gabana suna kallon waya suna ta ƙyaƙyata dariya. Sai na ji muryar abokina daga cikin wayar: "Jama'a a kauce, kyaftin mai ƙafa ɗaya zai sauka!"

Na leƙa. Ƙafata ce a waje, tana karkarwa a kan katako, har kiɗa an sa mata. Ɗayansu ya waiwayo, ya ga sandata, ya kife wayar a cinya. 

Da na dawo na je Maigatari na sami abokin nawa a rumfarsa.

"Haba, wasa ne fa," ya ce. "Ko fuskarka ban nuna ba."

"Fuskata ai kowa na ganinta a kasuwa."

Ya goge bidiyon a gabana, amma abin ya riga ya bi wayoyin mutane. Daga baya ya turo kawunsa ban haƙuri. Dattijo ne mai furfura, na ce masa, "Komai ya wuce, Baba."

Ni da abokin nawa muna gaisawa in mun haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza. Shagona dai bai sake shiga ba, ni ma ban ce ya shigo ba.