Masaƙar Baƙo da Manhajar Sito

A gidanmu na unguwar Ɗan Iya, idan an sauke tukunyar tuwo aka yi sallar isha, Dada ba ta barin garwashin murhu ya mutu a banza. Takan tura dankali cikin toka, ta jawo tabarmarta kusa, mu jikoki mu kewaye ta. Dada kakata ce ta wajen uba. Ba zan ce ta fi son wani a cikinmu ba, don ban taɓa jin ta faɗa ba, kuma ba na son in ɗora wa mamaciya abin da ban tabbatar ba. Abin da dai na sani, wurin da ke jikin gwiwarta na Sa'adu ne, ɗan goggona, taubashina kuma sa'ana. Mu biyun duk mazajenta ne a wasan kaka da jika, amma shi take kira maigida. Ni kuwa mijin ko-ta-kwana.

"Ga wata nan tafe, wa ke da masauki?" in ji ta.

"Mu ne, ta shigo!"

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ita ce ta masaƙa. Wai wani mai hali ne ya sayi masaƙa a hannun baƙo don 'ya'yansa biyu su samu sana'a. Baƙon ya kafa ta a gurguje ranar kasuwa, ya karɓi sallama, ya kama gabansa. Duk abin da aka saƙa sai ya fito a karkace, gefe ɗaya a tsuke, ɗayan sako-sako. Babban ɗan ya ce an cuce su. Ya ɗaure guzuri, ya kora jaki, ya nufi gari mai nisa neman sabuwa. Ƙaramin ya zauna yana saƙa a hankali yana kallo.

A nan Dada ta tsaya tana juya dankali. "To mazajena, me ke damun masaƙar nan?"

Na ce wataƙila zaren ne, ko kuma itacen, ko da yake yana iya yiwuwa...

"A duba ƙasa," in ji Sa'adu, bakinsa cike da gyaɗa.

"Maigida ke nan!"

Haka kuwa aka yi a tatsuniyar. Ranar da aka yi ruwa, ƙaramin ya ga ruwan yana taruwa a gindin sanda ɗaya. Ashe wurin kwari ne. Ya tuge sandar, ya cike ramin, ya sake kafa ta, saƙa ta miƙe sak. Da babban ya dawo da sabuwar masaƙa, ƙafa duk faso, sai ya tarar da mutane a ƙofar gida suna jiran zanen ƙanensa.

Na ce, "Dada, ai babban ne ya sha wahala."

"Ya sha, ko-ta-kwana. Jakin ma ya sha."

Aka fashe da dariya. Ina jin ni ma na yi tunanin ƙasar, kawai dai ban kai ga faɗa ba ne. Dankalin farko ya tafi hannun Sa'adu.

Bayan na gama jami'a da bautar ƙasa, na samu aiki a wajen wani Alhaji mai sarin hatsi kusa da Kasuwar Muda Lawal. Kafin zuwana wasu sun sa masa manhajar kula da kaya a kwamfutocin ofis da sito, suka tafi. Tun daga ranar abin da ta nuna bai taɓa daidaita da abin da ke jibge a sito ba. Yau ta ce masara ta ƙare alhali ga ta har rufi, gobe ta ce akwai wake a je a tarar da daɓe. Ma'aikata suka daina yarda da ita. Alhaji ya ce duk wanda ya raba shi da wannan ciwon kai, shi zai riƙe sashen gaba ɗaya.

Na sa raina a kujerar nan, ba zan ɓoye ba. Na yi watanni ina bincike, na kwatanta manhajoji, na rubuta rahoto mai kauri cewa a ajiye wannan a kawo sabuwa. Sai tsoro ya kama ni kada in yi kuskure, na kira Sa'adu, wanda shi ma kwamfuta ya karanta, ya duba mini.

Ya ɗaga rahoton yana auna nauyinsa. "Taubashi, wannan karantawa ake yi ko matashin kai?"

Bai wuce shafin farko ba ya ce in kai shi sito. Ya samu buhu ya zauna, yana kallon ana sauke kaya. Buhun da ke zuwa daga kasuwannin ƙauye ana danna shi ne har sai an ƙara wani yanki a baki kafin a ɗinke. A sito kuma a farke shi, a sake aunawa da mudu, a zuba a buhunan sayarwa waɗanda ba su kai shi ba. Waɗanda suka sa manhajar duka biyun "buhu" suka rubuta, awo ɗaya. Ban da haka, wani ya shigar da masara da Hausa, wani da Turanci, ta zama kaya biyu. Sa'adu ya raba buhun shigowa da na fita, ya mayar da komai kan mudu, ya haɗe sunayen. A ƙarshen mako, kwamfuta da sito suka faɗi magana ɗaya.

Ta gaban buhunan nan nake wucewa kullum. Mai yiwuwa da na ƙara 'yan kwanaki da na lura.

Alhaji ya tara mu a ofis. Ya ajiye rahotona a gabansa, ya dube ni. "Malam Nura, kai ne namu. Ka ce a canza, ɗan'uwanka ya ce a bari. In ka ce gyaran nan ba zai ɗore ba, maganarka zan bi."

Ƙofa ce aka buɗe mini, kuma na san hanyarta. Ba sai na yi ƙarya ba. In ce wataƙila, in ce ba a san abin da gobe za ta haifar ba, in ce a dai yi hattara. Irin maganata ce ta kullum, ba wanda zai zarge ni. Sa'adu yana gefe yana wasa da makullin babur, ko a jikinsa, kuma wannan ko-a-jikin ya fi komai ci mini rai.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar Dada yabon mai wayo ce, shi ya sa na tsane ta. A ofishin nan na fara zargin cewa babban ɗan take ba mu labari: mutumin da ya yi gumi da gaskiyarsa a kan hanyar da ba ita ba ce, ga shi tsaye a ƙofar gida, kuma dole ya ce wani abu game da zanen ƙanensa.

Na ce, "Alhaji, gyaran zai ɗore. A bar ta."

Sa'adu ke riƙe da sashen yanzu, ni ke koya wa ma'aikata yadda za su shigar da kaya. Kowace safiya ni ke fara buɗe kwamfuta, in gwada ta da sito layi-layi. Alhaji yana yaba mini wannan ƙwazo. Ban gaya masa cewa kuskuren Sa'adu nake nema ba, kuma har yau ban samu ba.