Bargon Kaka Mai Tauraro

Jiya na shimfiɗa wa Kaka sabon bargo, na koma gefe ina jiran a sa mini albarka.

Nata na da, wanda ta haɗa da ƙyallayen atamfa da tauraro a tsakiya, ya mutu murus. Shi ne na yanko sababbin atamfofi a Babbar Kasuwa, tela ya ɗinko irinsa sak.

Ta shafa wani ƙyalle ta ce, "Wannan ankon bikin wa ne?"

Na ce, "Ba na kowa ba ne, Kaka, sabo ne fil."

Sai ta jawo tsohon ta dangwala yatsa. "Koren nan bikin uwarki ne, ranar da tuwo ya ƙone. Jan nan na sunanki ne, da rago ya tsinke muka bi shi har Kambarawa. Naki kuwa bai san kowa ba. Da baƙo zan kwana?"

Yau da safe na tarar ta farke tsakiyar sabon tauraron da almakashi, tana ɗinka koɗaɗɗen koren nan a wurin.

Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Haɗa su zumunci nake."

Ashe ni tsumma nake gani, ita da dangi take rufa. Ku wane tsumma tsofaffinku suka hana a taɓa?