Mai Bayarwa Guda Ɗaya

A gidan benen nan na haya ba mai kiransa da sunan yanka. Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba. Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa tun yana saurayi, a wani ɗan shago da ke bayan layin teloli. Mutum ne da ba ya taɓa sukurori biyu lokaci guda. In aka kawo masa keke yana tsallaken ɗinki, da allura yake farawa, in ba ita ba ce ya duba zare, sannan ƙoshiya, kafin ya yarda ya buɗe cikin keken. Teloli masu gaggawa sukan yi ƙorafi, amma gobe ma wurinsa suke dawowa.

Saboda wannan halin ne, da mutanen hawa na biyu suka haɗa kai suka jawo layin intanet ɗaya, aka ce na'urar waifai ta zauna a hannunsa. Ya kafa ta a bangon baranda daidai saman ƙofarsa, ya yi mata 'yar rumfa da guntun katako saboda feshin ruwa. Nas, wadda ke ɗakin ƙarshe, da ita take karatun ƙarin girma a wurin aikinta. Direba, maƙwabcinsa na jikin bango, ƙwallo yake kallo da ita, yana ihu kamar shi ne mai tsaron gida. Shi kuwa Injiniya, ban da duba yadda ake kwance sababbin kekuna, ba abin da yake yi da ita, sai da saƙon Auta ya zo.

Auta ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana aikin ɗaukar hoto a wani gari mai nisa. Shekaru da dama ke nan rabon da su yi magana. Ranar da mahaifinsu ya rasu, Auta bai iso ba sai bayan an dawo daga maƙabarta, Injiniya kuma ya tare shi a gaban jama'a ya ce ai da ya yi zamansa, tun da ba abin da ya rage da zai yi. Da Auta zai koma ya tafi da akwatin kaset-kaset ɗin Baba. Tsohon bai iya rubutu ba, don haka lokacin da 'ya'yansa ke koyon sana'a a wasu garuruwa, a kaset yake yi musu magana ya ba matafiya su kai, in sun zo hutu su dawo masa da su. Duk muryarsa da ta rage a duniya tana cikin wannan akwati.

Saƙon ma ba kai tsaye ya zo ba. Matar Auta ce ta turo wa matar Injiniya a waya, cewa maigidanta ya juye kaset ɗin duka a kwamfuta, ga hanyar da Yaya zai bi ya sauke. Ta ce da manhajar torent zai buɗe, saboda kayan suna da nauyi, ita kuma ko layi ya yanke daga inda ta tsaya take ci gaba. Auta zai bar kwamfutarsa a kunne har sai komai ya sauka.

Injiniya ya zauna ya koyi abin kamar yadda yake koyon sabon keke. Ya gane cewa torent gutsi-gutsi take kwaso kaya daga hannun duk wanda yake da su, kuma galibi masu bayarwa da yawa ne. A nan kuwa mutum ɗaya ne a duniya ke da kayan. A gefen allon akwai wani ɗan gurbi da ke nuna yawan masu bayarwa, a ciki an rubuta ɗaya. Wannan ɗayan Auta ne.

A yinin farko kayan suka riƙa sauka da gudu, har ya ga in aka ci gaba a haka kafin mako ya zagayo an gama. Sai ya yi tsaki, ya shiga cikin saitin manhajar ya ƙayyade gudun, ya mayar da shi ƙasa ƙwarai, kamar famfon da aka bari yana ɗiga. Ya gaya wa matarsa wai don kada ya cinye wa maƙwabta layi ne. Ta dube shi ta gefen ido. Ta san in kayan suka gama sauka Auta zai kashe kwamfutarsa, ɗayan nan kuma zai ɓace.

"Kai da ƙaninka dai," ta ce, "sai ku yi ta gaisawa ta kafar allura. Ga waya nan, ba cizo take yi ba."

Ya yi kamar bai ji ba.

Haka aka yi watanni. Da safe kafin ya fita shago ya leƙa, da yamma in ya dawo tun kafin ya tuɓe takalmi ya leƙa. Ta wannan gurbin ya san lokacin da ake ɗauke wuta a unguwar su Auta, don ɗayan yakan koma sifili na ɗan lokaci sannan ya dawo. In ya dawo, Injiniya yakan ce "madalla" a hankali, kamar wanda ya amsa sallama.

Wata safiya ya leƙa ya ga sifili. Ya tafi shago, ya dawo, sifili. Washegari ma haka. Layin da ke nuna ci gaba, wanda ya ɗan wuce rabi, ya sauya launi, aka rubuta a jikinsa cewa ya maƙale.

Ya ce waifai ne.

Ya bi abin daki-daki yadda ya saba. Ya kashe na'urar, ya jira ta huce, ya kunna. Ya ɗauko kwamfutar ya zauna a baranda a ƙarƙashinta, ko bango ne ke tare sabis. Ya karanta cewa ƙananan na'urori irin tasu sukan shaƙe in torent ta buɗe hanyoyi da yawa, sai ya rage su. Ya shiga cikin saitin na'urar ya buɗe wa manhajar ƙofar da ake cewa takan toshe. Ya kashe katangar tsaron kwamfutar. Ya ɗage ƙayyadewar gudun da ya sa da hannunsa. Kowane gyara ɗaya in ya yi, sai ya ba shi yini guda ya ga ko zai yi aiki, sannan ya taɓa na gaba. A haka kwanaki suka yi ta tafiya, shi kuma yana ganin aiki yake yi.

Matarsa ta ce masa ta aika wa matar Auta gaisuwa, har yau ba a buɗe ba. Ya ce mata ai mutanen nan ba su da kirkin sabis. Ta ce ta kira sau ɗaya ba a ɗauka ba, ko shi zai gwada lambar Auta? Ya ce bari ya fara gama da na'urar nan tukuna.

A shago aka fara ganin canji. Wani tela ya dawo da keke yana cewa Injiniya ya sa masa allura a juye, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya karɓa ya gyara.

Ya sayo doguwar waya ya jona kwamfutar kai tsaye da na'urar, wayar ta ratsa baranda har Direba ya yi tuntuɓe da ita. Sifili. Ya kira kamfanin layin ya tambaya ko suna matse torent da gangan. Wata murya mai ladabi ta ce masa layinsu lafiya lau yake, ya gwada kashewa ya kunna. Daga nan ya ɗora laifin a kan maƙwabta. Ya duba jerin wayoyin da ke kan layin ya ga sun fi mutanen hawa na biyu yawa, alamar an ba 'yan ƙasa kalmar sirri. Ran Asabar da rana, ana tsakar wasan ƙwallo, ya sauya kalmar, ya kori kowa, ya bar kwamfutarsa ita kaɗai.

Kafin ya gyara zama Direba ya iso bakin ƙofa da singileti.

"Haba Injiniya, ana shirin bugun fanareti ka tsayar mini da mutum ƙafa a sama? Ko ka sayar da mu ne ba mu sani ba?"

Injiniya ya ce gwaji yake yi, su ba shi zuwa gobe.

"Gwajin nan naka tun yaushe muke jin labarinsa. Jiya waya a ƙasa, yau mu a waje. Gobe sai ka kwance bangon."

Nas ta fito da wayarta a hannu. Jarrabawa take shirin yi, an yanke mata darasi a tsakiya, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta leƙo ta ga Injiniya zaune a tabarma ya tasa kwamfuta a gaba, idanunsa sun faɗa. Ta tambaye shi abin da ya gwada. Ya jero mata su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Ta saurara har ya gama.

"Baba Injiniya," ta ce, "ka gwada sauke wani abu daban da manhajar nan?"

Wannan gwajin Injiniya ya san da shi tun ranar farko. Shi ne ya kamata ya zama na farko, don shi ne zai raba tsakanin laifin layi da abin da ba laifin layi ba. Ya bar shi a ƙarshe, yana ta nemo wasu yana sa su a gabansa.

Direba ya buɗe baki zai sake wani barkwancin, matar Injiniya ta girgiza masa kai daga bakin labule. Ya fasa, ya jingina da ƙofa.

Injiniya ya nemo wata manhaja ta kyauta da ake rabawa ta torent, ya danna. Nan take gurbin masu bayarwa ya cika da lambobi, layin ci gaba ya ruga kamar an sake ruwa. Kafin Nas ta sauya ƙafar da ta dogara a kai, abin ya gama sauka. A samansa kuma kayan Auta na nan yadda suke, da sifilinsu.

"To ai waifai ɗinmu garau yake," in ji Direba, sannan ya ji yadda maganar ta faɗi a ɗakin, ya sunkuyar da kai.

Injiniya ya faɗa musu sabuwar kalmar sirrin, ya ce su yi haƙuri. Suka tafi ba wanda ya yi gaggawa.

Ya buɗe jakar da kayan ke sauka a ciki. Bai taɓa saurarar ko ɗaya ba, yana cewa sai sun kammala. Da yake gutsi-gutsi suke zuwa ba bisa jeri ba, ba kaset ɗaya da ya cika. Ya danna na farko. Aka ji shuuu, sai tari, sai muryar Baba yana tambayar wani ko abin yana juyawa. Ya fara sallama, maganar ta yanke. Ta dawo a tsakiyar zancen rufin ɗaki da ke yoyo, ta sake yankewa a tsakiyar kalma. Injiniya ya jira. Ba abin da ya biyo baya.

Matarsa ta ajiye waya a kan cinyarsa, ta riga ta nemo lambar Auta. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya danna.

Ta yi ta ringi har ta kusa katsewa kafin a ɗauka. Matar Auta ce, muryarta a dashe. A bayanta ana jin ƙarar takalma a kan siminti da wata na'ura mai yin ƙara a jere.

"Yaya? Kai ne?"

Ya ce shi ne. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, ya ga kwamfutar ta daina bayarwa.

Ba da faɗa ta amsa ba. Ta ce a gaban kwamfutar Auta ya faɗi, da safe, yana shirin fita. Ita ce ta kashe wutar gidan gaba ɗaya da za su taho asibiti, kuma tun ranar ba ta koma ba. Ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi, magana ta ɗauke. Ta ce ta so ta kira, amma tun da daɗewa ya hana ta, ya ce Yaya ya san inda yake in yana nemansa. Likita ya ce a sanar da 'yan uwa tun shekaranjiya.

"Yana ji?" in ji Injiniya.

"Sun ce yana ji. Bari in sa masa a kunne."

Aka ji motsin zane, sannan numfashi, mai nauyi, yana shiga yana tsayawa kafin ya fita. Injiniya ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Bai shirya abin da zai faɗa ba, shi da ba ya fara komai sai ya jera shi.

"Auta," ya ce. "Ni ne. Ka jira ni, ga ni nan zuwa."

Numfashin bai sauya ba. Ya sake faɗa, a hankali, yana rarrabe kalmomin. Daga nan matar ta karɓa ta ce an zo za a duba shi, ta faɗa masa sunan ɗakin da suke, ta ce in zai taho kada ya bari sai gobe.

Matar Injiniya ta riga ta sauko da jaka daga kan kwaba tana zuba kaya. Direba, wanda ashe bai yi nisa ba, ya leƙo sanye da riga, makullin mota a hannu. Ya ce zai kai su tasha, motar ƙarshe da ke zuwa can tana tashi kafin la'asar, in suka fita yanzu wataƙila su same ta.

Suka sauka matakala. Injiniya na riƙe da wayar a hannu bai sa ta a aljihu ba. Suna isa bakin titi ta fara ringi, sunan Auta a kan allon.