Tofin Basine

Lokacin da nake jiran shagon carbi a unguwar Mansur, can ƙasa mai tsarki, akwai wani Basine, wato mutumin ƙasar Sin, Musulmi, da ke kawo mana kaya. In ya sauke kwalaye sai ya buɗe wani littafi, ya riƙe takarda daf da bakinsa yana hura mata iska, wani sa'in ya dafa maƙogwaro yana ƙunƙuni. Na ce lallai malami ne, tofi yake yi.

Ranar da ciwon kai ya matsa mini, na ciko kofi da zamzam, na durƙusa gabansa. Na ce, "Ya shaikh, a taimaka." Ya karɓa ya shanye tas, ya ce shukran.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da guntun Larabcinsa ya yi mini bayani, wai Turanci yake koyo, littafin na ilimin harshe ne, takardar kuma ita ke nuna masa sautin da ke fitowa da iska. Kaina ya ɗaure. Mu da muka tsinci Larabci a bakin direbobin tasi, wa ya ba mu takarda?

Ya miƙo mini ita in gwada. Na tofa sau uku, na shafa a goshi. Bai gane ni ba, ban gane shi ba, kai kuwa ya daina ciwo.