Inna ta yi wa injina lulluɓi

Jama'a, yau saura ƙiris kifayena su dahu da ransu!

Kun san tankin ruwan gishirin nan na falona a Tirwun. Na dawo daga aiki, sai ga kifayen sun taso sama suna haki. Na tsoma hannu, ruwa ɗumi! Kuma akwai wuta, injin sanyaya ruwan yana ta ruri.

Na kira Ishaya mai gyaran firij. Ya ce, "Oga, gas ne ya ƙare."

Na ce, "Wanda ka ɗura makon jiya? A'a, ina ga iska ce injin ba ya samu."

Na leƙa bayan tankin. Wallahi an rufe injin ruf da leshi, har da furen roba a kai!

Na tambayi mahaifiyata, "Inna, wa ya yi wannan?"

Ta ce, "Ni ce. Baƙi za su zo. Na rufe talabijin, na rufe firij, shi kaɗai zai zauna tsirara?"

Na yaye leshin, na juya masa fanka. Kafin magariba kifaye sun wartsake.

Yanzu haka ga Inna can tana auna tankin kansa da ɗankwalinta, shi ma za ta yi masa lulluɓi!