Lambar Hajiya da Manhaja ta Zubar

Shekara ta biyu ke nan ina aikin kwamfuta a wani ofis da ke unguwar GRA lokacin da aka kawo mana sabon tsari: ka shiga sau ɗaya da kalmar sirrinka, duk shafukan ofis su buɗe maka, na hutu, na ƙarin girma, na fayil. Da ka shiga, ana ba ka wata shaida da ido ba ya gani, muna ce mata tokin. Tana ɗauke da sunanka da imel, mu kuma muka ƙara lambar ma'aikaci.

Ɗan kwangilar da ya haɗa shafukan ya ɗauko wata 'yar manhaja ta kyauta daga intanet don karanta tokin. Ashe sunan kawai take ɗauka da imel, duk abin da muka ƙara sai ta zubar. Shafin fayil kuma da suna yake neman mutum.

Akwai wata Hajiya mai buga takardu, ta kusa ritaya, ba ta taɓa makara ba. A wani sashen akwai mai suna irin nata sak, har na mahaifi, wadda ta yi fashin aiki. Takardar gargaɗin waccan ta faɗa fayil ɗin Hajiya, aka tsallake ta a ƙarin girma.

Ta same ni a teburina da hantsi. Sai da ta gaishe ni tsaf, ta tambayi mutanen gida, sannan ta ce, "Ɗan nan, mi na yi ma injin naku?"

Kwana uku na yi ina bin sawu har na gano. Gyaran bai fi layi arba'in ba: a bar manhajar ta miƙa duk abin da ke cikin tokin, shafin fayil ya koma nema da lamba. Na kai wa Darakta.

"Yallaɓai, ga inda matsalar take. An zalunci Hajiya."

"Malam, wa ya sa ka?" in ji shi. "Aikin ɗan kwangila ne. Ka taɓa, ya lalace, kai za ka amsa?"

Ɗan kwangila ya daina ɗaukar wayata. Na tura gyaran ga masu manhajar a can ƙasar waje. Suka yi mini godiya cikin ladabi, suka ce ba kasafai ake buƙatar haka ba. Na rubuta musu labarin Hajiya da Turancina, na goge, na sake rubutawa, na tura. Shiru.

Takardar gargaɗin dai an cire ta da hannu, bayan an gama zaman ƙarin girma. Aka ce Hajiya ta jira na baɗi. Kafin baɗi ta riga ta ajiye aiki, a matakin da ta shekara tara a kai.

Bayan wata goma saƙo ya shigo daga masu manhajar: sun karɓi gyaran, domin wani babban kamfani ya nemi irinsa. A taron ma'aikata Darakta ya sanar cewa ofishinsa ya magance matsalar, aka tafa.

Na haɗu da Hajiya kwanan baya a Ƙofar 'Yandaka, tana jiran Keke Napep. Ta tambayi aiki, na ce an gyara injin.

"To, madalla," ta ce. "Allah shi sa ya amfani na baya."

Na tsaya har ta hau. Ban iya cewa amin da ƙarfi ba.